Bar-Mini da Haruffa Masu Kumatu

Duk layin babu wanda ya tuna ranar da aka fara kiransa Bar-Mini, amma kowa ya san dalili. In famfo ya ƙi ruwa, sai ka ji "Bar mini." In rediyo ya daina magana, "Bar mini." Sau ɗaya mai aski ya yi kuskuren barin masa agogon bangon shagonsa, tun daga ranar agogon da baya yake tafiya. Shi kuwa Bar-Mini har gobe cewa yake ba a gode masa ba, don a duk garin nan shagon mai aski ne kaɗai mutum zai shiga ya fito da sauran lokaci.

Yayarsa ce ke da shagon buga takardu da ke can saman layin, daidai inda gangara ta fara. Shekara goma sha biyu tana yi wa mutane allon shago da katin gayyata da takardun makaranta, ba a taɓa dawo mata da aiki ba. Sai tafiyar kwana biyar ta kama ta, za ta je jinyar 'yarta a wani gari. Ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga wanda za ta bar wa mabuɗi ba sai ƙanen nata.

Ta tsaya da jaka a hannu tana yi masa bayani dalla-dalla.

"Ka buɗe da safe, ka share, ka yi wa mutane fotokwafi. In an kawo babban aiki, ka ce sai na dawo. Allon lauya na riga na tsara shi, ni zan yanka da hannuna. Kada ka taɓa kwamfuta. Kada ka taɓa injin yanka sitika. Kana ji na?"

"Haba Yaya, ai ki bar m..."

"Kada ka ƙarasa."

Motar da ta ɗauke ta ba ta gama shan kwana ba ya haye kujerarta ya kunna kwamfuta. Aikin lauya ne ya fara bayyana: OFISHIN LAUYA, baƙin rubutu siriri, haruffan a tsaitsaye kamar sojojin da suka kwana biyu ba su ci abinci ba. Bar-Mini ya girgiza kai cikin tausayi. Ashe haka Yaya ke barin haruffa da yunwa, kuma mutane na yaba mata.

Ya shiga jerin salon rubutu yana latsawa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya karkace, wani ya yi ƙafafu, wani kamar kaza ta bi ta kan tawada. Can ƙasa ya latsa wani, sai ya ja da baya ya riƙe baki.

Haruffan sun cika allon kwamfutar fal. Kowanne ya yi ɓul-ɓul, babu tsini ko kusurwa a jikinsa, duk inda ya kamata harafi ya yi gwiwa sai ya yi kumatu. O ya zauna kamar tayar babbar mota da aka cika da iska. S ya lanƙwashe kamar macijin da ya haɗiye ɓera bai gama narkar da shi ba. F ma, da aka san shi da tsayuwar sanda, ya yi dantse. In ka daɗe kana kallonsu sai ka rantse dariya suke yi maka.

Ya leƙa ƙofa ya ƙwalla kira. "Mai aski! Zo ka ga ilimi!"

Mai aski ya shigo da almakashi a hannu, ya duba, ya sake dubawa. "Wa ya cije su suka kumbura haka?"

"Ba kumburi ba ne, ƙoshi ne. Wannan shi ake yayi yanzu a manyan birane. Mai Kumatu ke nan, ni na raɗa masa suna."

"Ni dai a jikin ledar alawa nake ganin irinsa."

"To alawa ba ta ciniki ne? Ka taɓa ganin mai alawa zaune yana korar ƙuda kamar kai?"

"Yayarka ta ce ka taɓa?"

"Yaya ta iya aiki, ban hana ta ba. Ido ne ba ta da shi. Ni kuwa da ido aka haife ni."

Kafin la'asar ya yanka allon lauya. Da yake haruffan sun yi ƙiba, OFISHIN bai sami wurin zama ba, sai ya kore shi, ya bar LAUYA kaɗai, kowane harafi da launinsa: ja, rawaya, kore, ruwan hoda, shuɗi. A ƙasa ya ga ɗan fili, ya ƙara KU SHIGO! Lauyan yana kotu, saboda haka Bar-Mini ya ɗauki tsani ya kafa masa shi a saman ƙofa, ya sauko yana kaɗe hannu.

Lauyan nan dattijo ne, shekara talatin yana shari'ar filaye, kuma a layin babu mai iya cewa ga kalar haƙoransa. Washegari da safe ya iso ya tarar da mata biyar a ƙofar ofishinsa, kowace da yaro, wasu da jakar goyo.

"Malam, daga shekara nawa kuke karɓa?" in ji ta gaba.

"Karɓar me?"

"Yara mana. Nawa bai cika uku ba, amma yana da wayo."

Lauya ya ɗaga kai ya ga allo. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, allon bai canja ba.

"Baiwar Allah, ba ki karanta abin da aka rubuta ba?"

"Na karanta. Na ɗauka sunan makarantar ke nan."

Ana cikin haka wata doguwar mota ta tsaya. Wani attajiri ne da aka yi masa kwatancen ofishin kan rikicin gonarsa. Ya sauke gilashi, ya kalli allo, ya kalli yaran da ke lilo da ƙofar, ya ɗaga gilashinsa ya ce wa direba su wuce.

Bar-Mini na zaune yana kaɗa ƙafa sai ga lauya a kansa.

"Kai ka yi wancan abin?"

"Ranka ya daɗe, ba sai ka yi godiya ba. Maƙwabtaka ce."

"Godiya? Yanzun nan wata ta miƙo mini ɗa da kwalbar madara, ta ce in ya yi kuka in jijjiga shi!"

"To ka gani! A shekara talatin ɗin nan an taɓa yi maka layi a ƙofa?"

Lauya ya buɗe baki ya rufe, abin da alƙalai ma ba su taɓa sa shi yi ba. Da ya sami murya ya ce ya ba shi zuwa Asabar, in bai sauke allon ba za su haɗu a inda shi lauyan ya fi iya magana.

Da wani ne, da ya ɗauko tsani a take. Bar-Mini kuwa zama ya yi ya yi nazari, ya gano inda matsalar take. Allon ba shi da laifi, kaɗaici ne ya dame shi. Mai ƙiba ɗaya a cikin ramammu dole a yi ta kallonsa. In duk layin ya yi kumatu, wa zai ƙara ɗaukar ofishin lauya makarantar yara?

Ya bi shaguna yana shelar sabon allo kyauta, da kayan Yaya. Mai turare ya yarda nan take. Maƙwabcinsa mai feshin maganin ƙwari ya ce in dai mai turare zai yi, shi ma ba za a bar shi a baya ba. Mai ƙwai, wata mata mai faɗa da ke da tebur a tsakiyar gangara, ta ce a yi mata amma a rubuta da girma. Mai aski kaɗai ya ƙi.

"Ni agogo ya ishe ni," in ji shi.

Da Bar-Mini ya zauna bugawa sai ya ci karo da wani abu. Duk harafin da ya latsa yakan fito da kumatunsa, amma da ya zo kan ƙ mai lanƙwasa, sai ta fito siririya kamar tsinken tsintsiya. Wanda ya ƙirƙiro Mai Kumatu bai san da zamanta ba, kwamfuta kuwa ta rasa yadda za ta yi, ta aro wata daga wani salon ta cusa. Ya goge ya sake, haka. Ya daki kwamfutar a gefe, haka. Ya matso da fuska ya ga ai ana karantawa sarai.

"Ko a gidanmu ma ai akwai ramamme," ya ce, ya tura wa injin yanka.

Amma duk wannan share fage ne. Babban aikin shi ne shagon Yaya kansa, wanda ya yanke shawarar sake wa suna SABON SALO. Wannan kam ba sitika ba. Ya buga haruffan a manyan takardu ya kai wa kafinta ya yanko su da katako mai kauri, kowanne ya kai ƙugun mutum.

Kafinta ya shafa gindin O ya ce, "Waɗannan ba su da mazauni. Sai an yi musu ƙafar ƙarfe an ɗaure da kusoshi, in ba haka ba ba za su tsaya ba."

"Ka huda mini fuskar harafi da ƙusa? Gam ya isa."

"Gam a rana?"

"Kai yanka aka ce ka yi. Tsayuwa bar mini."

Ranar Juma'a da yamma ya jera su a kan rufin barandar shagon, ya malala musu gam gwangwani guda. Ya kakkafa sauran allunan, ya lulluɓe kowanne da zanen gado, don ya ce babu idon da zai gani sai an yi bikin buɗewa. Da matarsa ta tambayi inda zannuwan gadonta suka shiga, ya ce mata ta yi haƙuri, gobe za su shiga tarihi.

Asabar da hantsi rana ta fito da ƙarfinta. Bar-Mini ya aro lasifika, ya jera kujeru a tsallaken titi don manyan baƙi su ga aikin daga nesa, yadda ake kallon kayan gwaninta. Mutane suka taru, wasu don allo, mafi yawa don sun san wanda ya yi shi. Lauya ma ya zo ya zauna a gaba da takarda a hannu yana duba agogo.

Bar-Mini ya yi jawabi na kusan rabin awa. Ya ce daga yau layin nan ya fita daga duhu. Ya ce nan da wata guda za a riƙa zuwa daga ƙasashen waje ana ɗaukar hoto, kuma duk wanda ya raina shi a baya ya yafe masa, ban da mutum ɗaya mai almakashi. Sannan ya taka zuwa shagon mai turare ya fizge zanen farko.

An rubuta TURARE MAI ƘAMSHI, da ruwan hoda mai ɗaukar ido. Sai dai daga tsallaken titi ramammiyar nan ko alamarta ba a gani. Mai aski ya miƙe ya kare ido da hannu ya karanta da ƙarfi.

"Turare mai... amshi!" Ya juyo wajen mai turare. "Wato in na fesa na rera waƙa, shi zai riƙa karɓa mini?"

Aka fashe da dariya. Bar-Mini ya yi kamar bai ji ba, ya wuce shagon mai feshi ya ja zane na biyu.

"Muna kashe wari!" in ji mai aski.

Mai turare ya zabura. "Kai Bar-Mini! Ni ka mai da ni mawaƙi, sana'ata kuma ka ɗauka ka ba maƙwabcina?"

"Ni na ce ina so?" in ji mai feshi. "Kyankyaso nake kashewa, ba hammata ba!"

"Ku kwantar da hankalinku, harafin yana nan!" Bar-Mini ya faɗa a lasifika. "Ku matso kusa ku gani!"

"Allon da sai an ɗora hanci a kai ake karantawa?" in ji mai aski. "Ja na uku, muna jira."

Bar-Mini ya matsa gaba. Ya tsaya gaban teburin mai ƙwai, inda kiret-kiret ke jere har sun kusa kai ƙirjinsa, ya ja zanen a hankali kamar mai cire bandeji. Wannan karon ba mai aski kaɗai ba, rabin taron ne suka karanta tare.

"Ana sayar da wai!"

Wani daga baya ya ɗaga murya. "Hajiya, a zubo mini guda biyu masu zafi, na gidan maƙwabtanmu!"

Mai ƙwai ta ɗaure gyale a ƙugu. "Wato ni ce mai gulma a layin nan? Ni? Wa ya taɓa jin na ɗauki maganar wani na kai wani wuri?"

Wurin ya yi tsit. Mai turare ya shiga duba farcensa. Kafinta ya ɗaga kai yana nazarin gajimare. Shirun nan ya fi dariyar ƙona mata rai, ta tuɓe takalmi ɗaya ta nufo Bar-Mini.

Ya ga babu abin da zai cece shi sai babban aikin. Ya ruga saman layin yana ihu a lasifika. "Jama'a, duk wannan ɗanɗano ne! Ku ɗaga ido ku ga abin da ba a taɓa yi ba!"

Ya kama bakin babban zanen ya ja. Zanen ya ƙi. Rana ta narkar da gam, gam ya kama zane, zane ya kama haruffa. Ya naɗe shi a hannu, ya kafa ƙafa, ya fizga da iyakar ƙarfinsa.

Zanen ya taho. O na ƙarshe ya yi rangaji hagu, ya yi dama, kamar mai shawara, sannan ya duro ƙasa a kan gefensa, ya yi tsalle ɗaya, ya kama gangara.

Da farko a hankali yake tafiya, da nutsuwa irin ta manya. Kafin ya kai shagon mai aski ya fara gudu. Mutane suka dare. Lauya, wanda ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ya haye kujera ya tattare riga. Bar-Mini ya jefar da lasifika ya bi bayan harafinsa yana kururuwa.

"Ku bar mini! Ku bar mini shi!"

Ranar ce kaɗai duk layin suka bar masa ba gardama.

O ya nufi teburin mai ƙwai kamar an aike shi. Ya ɗauke ƙafar teburin ya wuce abinsa, kiret-kiret suka tashi sama suka dawo. Bar-Mini ya iso a guje daidai lokacin da titi ya zama ruwan ƙwai. Ƙafafunsa suka yi gaba suka bar shi, ya zauna daɓas, ya ci gaba da gangarawa a zaune, hannu biyu a sama.

"Ga ɗan'uwansa nan!" kafinta ya yi ihu.

O na biyu ne, wanda ya ga an tafi ba da shi ba. Ya biyo sawu, ya daki tulin kiret, ya tashi sama ya kifo a kan Bar-Mini, ya zauna masa a wuya cif kamar an gwada.

Shi kuwa O ɗin da ya fara faɗowa ya gangara har ƙarshen layi, ya rage gudu, ya jingina da ƙofar wata tasi da ta tsaya yanzun nan. Direba ya fito ya janye shi. Ƙofa ta buɗe, Yaya ta sauko da jakarta.

 Ta tako a hankali tana tsallake ɓawon ƙwai. Ta karanta allon mai ƙwai. Ta karanta na mai feshi da na mai turare. Ta kalli lauya a kan kujera, ta gaishe shi da ladabi, ya amsa daga can sama. Ta ɗaga kai ta dubi rufin shagonta, inda sauran haruffan suka jingina da juna kamar 'yan maye. Sannan ta sauke ido kan ƙanenta, zaune a tsakiyar titi, gwaiduwa na bin kunnensa, kansa a cikin O.

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji shi. "Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Mabuɗi."

Ya laluba aljihu ya miƙa mata, yana ɗiga.

"Yaya, aikin fa ba shi da matsala. Layin ne ke da gangara. Da a shimfiɗe yake..."

"Bokiti da tsintsiya suna bayan ƙofa."

Kwana biyu Yaya ta yi tana gyara. Ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri, ta daɗe a wurin mai ƙwai. Ta mayar wa lauya siririn baƙin rubutunsa, har aka ce an ga gefen bakinsa ya motsa. Bar-Mini ya wanke titi sau uku, sannan aka zaunar da shi a kan benci a ƙofar shago da reza, yana kankare sitika daga allunan harafi bayan harafi. Masu kumatun nan kuwa sun kama katako da kyau, ramammiyar ce kaɗai ke fita da ja ɗaya. Mai aski ya fito da kujerarsa waje don kada kallon ya wuce shi.

Ranar Talata wata mata mai tabarau ta tsaya a ƙofa, ta ce ita ce shugabar makarantar renon yara da ke bayan kasuwa. Ta ce iyaye sun dame ta da labarin wani rubutu mai ƙiba da suka gani a layin nan, wai yaransu har kuka suke a kawo su su kalla. Ko za a yi mata irinsa a bangon makaranta?

"Za a yi," in ji Yaya. "Ai wurinsa ke nan. Makarantar yara, shagon kayan wasa, kwalin alawa. Kalma biyu ko uku, manya, a bar su su sha iska. In akwai harafi mai lanƙwasa a sunan, da hannu zan zana shi ya yi ƙiba kamar 'yan'uwansa."

"Madalla. Wa ya gano shi ne? Ya yi ido."

Bar-Mini ya ajiye reza. Ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya.

"Zauna," in ji Yaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ya zauna. Ya ɗauki rezarsa, ya karkato wajen mai aski ya rage murya.

"Ka dai ji da kunnenka. Ta san manyan ma'aikata ba a tsaye suke karɓar yabo ba."